Koyar da Ɗalibai Iya Magana a Gaban Jama'a: Gibin da Makarantunmu Suka Bari

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban wannan zama, mai girma uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka, iyayenmu dattawa maza da mata, shugabannin wannan ƙungiya, shugabannin makarantu da malamai, 'yan'uwa da abokan arziki, da ku ɗalibai da kuka yi cincirindo a bayan rumfa, ina yi wa kowa barka da zuwa. Ina kuma miƙa godiya ga kwamitin ilimi da ya ga dacewar a ware wa wannan batu lokaci, alhali ga maganar ruwan sha da ta hanya da ta asibiti suna jiran a tattauna su.

Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu da za ta zo mana har gida sai wani ɗan garin nan ya miƙe tsaye a gaban wani mai iko, ya faɗe ta cikin 'yan mintocin da aka ba shi, ta yadda za ta shiga kunne ta zauna. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, kowace da garuruwanta, kowane gari kuma da irin kukanmu. Takardar koke ana iya cusa ta cikin fayil a manta da ita, amma mutumin da ya tsaya ya yi bayani mai ma'ana yana da wuyar mantawa. Idan muka duba kuwa, duk sa'ad da ƙungiya za ta tura tawaga, sunaye uku ko huɗu ne ake ta juyawa, kuma yawancin masu sunayen furfura ta riga ta cika musu kai. Muna da matasa masu digiri, har da masu digiri na biyu, waɗanda idan aka ce ɗayansu ya yi wa baƙi godiya a madadin jama'a, sai ka ga kowa yana tura ɗan'uwansa. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Shekara goma sha biyu suka yi tsakanin firamare da sakandare ba tare da wani ya taɓa koya musu wannan aiki ba.

Akwai wani zato da ya zama ruwan dare a tsakaninmu, cewa iya magana baiwa ce kawai, wanda Allah ya ba ya ba, wanda bai samu ba sai haƙuri. Babu shakka akwai baiwa, domin ba kowa ke da zaƙin murya ba. To amma tarihin mutanen da muke buga misali da su yana nuna mana cewa an yi aiki a kan baiwar kafin ta fito. Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933. Wannan kwaleji, wadda aka buɗe a 1922, daga baya ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa, ta yi suna wajen matsa wa ɗalibai a kan furta Turanci da baki, a tsanake, harafi bayan harafi. Da ya gama sai ya koma Bauci yana koyarwa a Makarantar Midil, yana tsayawa gaban aji kullum. Mutumin da ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, wanda kuma ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, sa'ad da aka karɓi Nijeriya ta zama mamba ta 99, ya shafe shekaru yana wasa wannan murya kafin duniya ta ji ta.

A Baucin nan kuma, a 1943, aka kafa wata majalisa da ake kira Majalisar Taɗi, inda malaman makaranta da ma'aikata ke haɗuwa a ɗauki batu a yi muhawara a kansa. Malam Sa'adu Zungur yana ciki, Malam Aminu Kano yana ciki, shi ma Abubakar ɗin yana ciki. Majalisar ba ta yi tsawon rai ba, domin tambayoyin da aka riƙa yi a cikinta game da yadda Turawa ke mulki ta hannun sarakuna sun fara hana hukuma barci. Amma ku dubi mutanen da suka fito daga wannan ɗan zaure. Malam Aminu, ban da wannan, yana rubuta wasannin kwaikwayo ya sa ɗalibansa su yi a gaban jama'a. Haka nan marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata, har Allah ya yi masa rasuwa a 2017 mutane na barin ayyukansu su zo jin jawabinsa, shi ma da alli da allo ya fara. Abin lura a nan shi ne dukkansu sun sami wurin da aka tilasta musu su miƙe su yi magana, sau da yawa, a gaban waɗanda za su iya ce musu ba haka ba ne.

Yanzu mu leƙa ajin da 'ya'yanmu ke zama. Malami ya shigo, ya cika allo da rubutu, yara su kwafa. Ya juyo ya ce, kun gane? Aji duka ya amsa da murya ɗaya cewa an gane. A cikin wannan amsa ta taron dangi wanda ya gane da wanda bai gane ba duk sun ɓuya. Idan malami ya fita, sai ya bar wa monita aikin rubuta sunayen masu surutu, wanda sunansa ya fito ya sha bulala. A makarantu da dama kuma an daɗe ana cin tarar yaron da aka kama yana Hausa. Ga shi bai iya Turancin ba, ga shi an hana shi Hausar, me ya rage masa in ban da shiru? Da haka yaro ke tasowa yana ganin ɗalibin kirki shi ne wanda ba a jin muryarsa.

Jarrabawa ma ba ta nemi wani abu daban daga gare shi ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake yin ta, ɗalibi yana zaɓen amsa ɗaya daga cikin waɗanda aka jera masa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne takarda ta uku ta Turanci a jarrabawar WAEC, wadda aka ce ta gwajin furuci ce. Tambayoyi 60 ne, kuma da fensir ake amsa su. Ɗalibi yana iya cinye su duka ba tare da ya buɗe baki ba. Ba na zargin hukumar jarrabawa, domin sauraron ɗalibai masu ɗimbin yawa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai malami yana koyar da abin da za a tambaya ne, abin da ba ya kawo maki kuwa sai ya zama na ganin dama. Ranar da yaron zai gane an cuce shi ita ce ranar da zai tsaya kare kundin digirinsa a gaban malamai, ko ranar da aka tura shi gwajin koyarwa daga kwalejin ilimi, ko ranar intabiyu, inda mutum biyar ke zaune suna kallonsa, takardunsa sun fi na kowa kyau amma harshensa ya ƙi motsi.

Na san shugabannin makarantu za su ce ai suna da ƙungiyar muhawara, har ma sun ciwo kofi. Ina taya su murna, amma ina roƙonsu su ƙirga yara nawa ne a ciki. A makaranta mai ɗalibai ɗari takwas za ka tarar yara uku ne, su ne bara, su ne bana. Malamin Turanci ya rubuta musu jawabi, su haddace, har da doguwar gaisuwar nan ga alƙalai da mai kula da lokaci, su je su zazzage kamar ana karanta wasiƙa. Batun kuma shi ne dai wanda kakanninsu suka yi, wai tsakanin likita da manomi wa ya fi amfani. Ka katse irin wannan yaro da tambaya ɗaya a tsakiyar jawabi, sai ka ga ya koma farko yana laluben inda ya tsaya. Wannan hadda ce, kuma hadda tana da amfaninta, amma ba ita ce za ta fitar da shi ranar da kwamishina ya ce masa, to, nawa ne kuɗin aikin, kuma mutum nawa zai amfana?

Dole in taɓo wani wuri mai ƙaiƙayi, ina kuma neman afuwar iyayenmu. Tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya. Yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya tsoma baki idan manya na magana, yarinya kuwa abin ya ninka. Wannan ado ne, ba ni kuma cikin masu cewa a watsar da shi. Amma Bahaushe da kansa ya raba abu biyu da ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Yaron da ya yi shiru don babba na magana yana da kunya. Yaron da babba ya ce masa yi magana, ya kasa, gwiwarsa na kaɗawa, wannan tsoro ne ya kama shi, mu kuma sai mu yi masa kwalliya mu ce kunya ce. Idan an ba ka dama a gaban manya, girmama su shi ne ka ɗaga kai, ka yi sallama, ka faɗi abin da ke bakinka yadda za su ji ba tare da sun ce maimaita ba, ka zauna. A wannan fage ladabi da ƙarfin hali ba kishiyoyi ba ne. Aikin iyaye da malamai ne su nuna wa yaro bambancin, domin shi kaɗai ba zai gane lokacin yin shiru da lokacin buɗe baki ba.

Abin takaici shi ne muna da makarantar magana a cikin gidajenmu, muka bari tana rushewa. Dandalin tatsuniya aji ne sosai. Yarinya 'yar shekara bakwai za ta ce ga ta nan ga ta nan ku, a amsa mata, ta ɗauko labari daga farko, ta sauya murya idan Gizo zai yi magana, ta rera waƙar da ke ciki, ta kai shi ƙurunƙus. Idan ta tsallake wani wuri, 'yan'uwanta su gyara mata nan take. Ga kacici-kacici mai koyar da saurin tunani, ga karangiya mai wasa harshe, ga karin magana mai koya wa mutum ya taƙaita zance. Alhaji Abubakar Imam bai sa wa littafinsa suna Magana Jari Ce a banza ba, littafin da ya fara fitowa a 1937, wanda a cikinsa aku, tsuntsun da ba shi da komai sai baki, ya kai ga sarautar waziri. Haka kuma a makarantun allo da na Islamiyya yaranmu suna tsayawa ranar walimar sauka su yi tilawa a gaban ɗaruruwan mutane ba tare da muryarsu ta yi rawa ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ta nuna cewa yaron ƙauye yana iya hawa dandamali gaban manyan malamai ya yi abin da ya kawo shi. Ashe ke nan ba taron ne yaranmu suke tsoro ba. Abin da ba a saba musu da shi ba shi ne su tsara tunaninsu da kansu, su faɗe shi da kalmominsu.

Wannan ya kawo mu ga maganar harshe. Ra'ayina shi ne a fara da Hausa. Yaron da aka ce ya yi jawabi da Turanci tun ranar farko kaya biyu aka ɗora masa, ga neman abin faɗa, ga neman kalmar faɗarsa, ga kuma fargabar a yi masa dariya idan ya karya nahawu. A sauke masa ɗaya tukuna. Idan ya iya jera hujja da Hausa, ya san inda zai fara da inda zai tsaya, wannan tsari zai bi shi zuwa Turanci da Larabci, domin tsarin a cikin kai yake. Gwajin da Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana kuma koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. Kada dai a fahimce ni a baibai. Intabiyu da jami'a da yawancin ofisoshi da Turanci suke aiki, kuma zalunci ne mu yaye yaro bai iya kare kansa da shi ba. Abin da nake cewa shi ne a bi tsani daga ƙasa.

To, yaya za a yi a ajin da ke da yara sittin, ga manhaja ta cika, ga malamai sun yi kaɗan? Mu yi lissafi. Zangon karatu yana da kimanin mako 12 na koyarwa, kwana biyar a mako, kwana 60 ke nan. Idan malamin aji ya ware minti biyu kacal kowace safiya bayan kiran suna, yaro ɗaya ya fito ya yi magana, bisa jerin rajista, kafin zango ya ƙare kowa ya fito sau ɗaya. Sau uku ke nan a shekara, sau 18 a shekara shida na sakandare. Ku kwatanta yaron da ya tsaya gaban jama'a sau 18 da wanda bai taɓa yi ba ko sau ɗaya. Wannan ba ya buƙatar ko sisin kwabo, ba ya buƙatar izini daga ma'aikatar ilimi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a tsallake kowa, kada kuma a bar masu ɗaga hannu su cinye layin.

A matakin farko a bar yaro ya yi magana a kan abin da ya fi kowa sani a ajin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ɗan maƙeri ya kawo lauje ya bayyana yadda ake ƙera shi. 'Yar mai ƙuli-ƙuli ta faɗi yadda ake fitar da mai daga gyaɗa, daga suya har zuwa matsa. Ɗan mai noman rani ya yi bayanin yadda ake rainon irin tumatir kafin a dasa. Riƙe wani abu a hannu yana rage fargaba, domin idanun jama'a sukan koma kan abin, hannun ma ya sami aikin yi. Wannan shi ne asalin abin da ake yi a manyan tarurruka da majigi da kwamfuta. Makarantar da ba ta da wuta ba ta rasa komai ba idan tana da kwali da alƙalamin zane. Wanda ya iya nuna zane ɗaya a kwali ya yi bayaninsa yana fuskantar mutane, ranar da ya sami majigi cikin awa ɗaya zai koye shi. Wanda bai iya ba kuwa, shi ne za ka gani ya cika farin bango da rubutu, ya juya wa jama'a ƙeya yana karanta musu abin da su ma suna gani.

Abin da malami zai koyar ba shi da yawa, maimaitawa ce ke da yawa. Kafin yaro ya fito, ya iya faɗin saƙonsa cikin jimla ɗaya. Idan bai iya ba, bai shirya ba tukuna, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya rubuta kanun maganarsa a 'yar takarda da ba ta wuce tafin hannu ba, kalma biyu ko uku ga kowane kai, maimakon ya rubuta jawabin duka ya haddace. Kowace da'awa ya biyo ta da dalili ko misali. Ya tsaya da ƙafa biyu, ya yi magana don na layin ƙarshe ya ji. Wanda haɗa ido ke yi wa nauyi a ce ya zaɓi wuri uku a ɗakin, dama da tsakiya da hagu, ya riƙa kai dubansa gare su. A kuma koya masa ya tsaya idan ya gama. Mun sha zama a tarukan da mai jawabi ya ce daga ƙarshe har sau huɗu, abinci na hucewa. Bayan ya gama, abokansa biyu su yi masa tambaya, domin a wurin amsa tambaya ake gane wanda ya fahimci abin da ya faɗa. A koya masa cewa idan bai san amsa ba, ya ce bai sani ba zai bincika, wannan ya fi kame-kame daraja.

A gaya wa yara gaskiya game da fargaba. Bugun zuciya da bushewar baki da gumin tafin hannu aikin wani sinadari ne da jiki ke saki idan ya zaci akwai haɗari, ana kiransa adirenalin. Manyan masu jawabi ma suna jin sa. Jan numfashi a hankali kafin a fara yana rage shi, yawan yi kuma yana sa jiki ya gane cewa babu kura a wurin. Yaron da ya san haka ba zai ɗauka cewa shi kaɗai ne aka halitta matsoraci ba.

Akwai gyara ɗaya da ya shafi malamin kansa. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi nazarin azuzuwa a farkon shekarun 1970, ta gano cewa yawancin malamai idan sun yi tambaya ba sa jiran abin da ya wuce daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani yaro. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba suka fara sa baki. Daƙiƙa uku, jama'a. Ga yaron da ke fassara tambaya daga Turanci zuwa Hausa a cikin kansa, ya nemo amsa, ya sake mayar da ita Turanci, wannan ɗan jinkiri shi ne bambanci tsakanin a ce da shi daƙiƙi da a gane yana da ƙwaƙwalwa.

Babban abin da ke kashe wannan shiri shi ne dariya. Yaron da aji ya yi wa ihu ranar farko, ko malami ya kwaikwayi kuskurensa don a yi nishaɗi, yana iya rufe bakinsa har ya bar makaranta. Saboda haka dokar farko ta masu sauraro ce. Ba a katse mai magana, ba a yi masa dariya, kuma idan za a yi gyara a fara da abin da ya yi daidai, sannan a faɗi gyara ɗaya tak. Mai in'ina a ba shi lokacinsa, kada a ƙarasa masa kalma, kada kuma a ce don tausayi an ɗauke masa fitowa. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa game da nauyin harshensa, duk da haka shi aka aika gaban Fir'auna.

Game da 'ya'yanmu mata, na san akwai masu ɗari-ɗari. Ina tunatar da mu cewa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, mata masu zagaya garuruwa suna karantar da 'yan'uwansu mata da baki, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A zamaninmu kuma Hajiya Amina Mohammed, wadda aka naɗa mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, 'yar Arewa ce. Ko mu bar waɗannan, yarinyar da muke fatan ta zama malamar asibiti ko ungozoma a garin nan, aikinta rabinsa bayani ne. Idan ba ta iya tara mata ta fahimtar da su amfanin awon ciki da rigakafi ba, takardar shaidarta ba za ta yi maganar a madadinta ba. Inda iyaye suka fi natsuwa a fara a tsakanin mata zalla, a fara a can.

Dole kuma a yi hattara, domin kaifin baki wuƙa ce. Magana zarar bunu ce, yanzu kuwa da waya a hannun kowa, abin da yaro ya faɗa cikin minti ɗaya yana iya zaga ƙasa kafin magariba. Idan muka koya wa yara salo ba tare da mun koya musu neman hujja da girmama abokin jayayya ba, 'yan zagi muka yaye, waɗanda 'yan siyasa za su yi haya da kuɗin kati. Shi ya sa nake son a riƙa sa ɗalibi ya kare ɓangaren da bai yarda da shi ba, a kuma sa shi ya maimaita hujjar abokin karawarsa daidai kafin ya mayar da martani. Wanda ya saba da haka da wuya ya ɗauki mai saɓa masa a matsayin maƙiyi.

Mai girma shugaba, ga abin da nake roƙon wannan ƙungiya. Idan za a sa gasar magana tsakanin makarantun garin nan, kada a bar makaranta ta zaɓo wakilanta. A zo da rajistar aji ranar gasa, a jefa ƙuri'a a gaban kowa, wanda sunansa ya fito shi ne zai wakilci makarantarsa. Shugaban makarantar da ya san cewa kowane yaro na iya faɗowa, dole ya horar da kowa. A ba da batu minti goma sha biyar kafin a hau, a hana malamai shiga ɗakin shiri. Zagaye ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci. Batutuwan su zama namu, kamar dalilin da ke sa rijiyoyin burtsatse lalacewa bayan shekara ɗaya, ko yadda za a rage yawan yaran da ke barin aji ranar kasuwa. Alƙalai su ba hujja da amsa tambaya maki fiye da zaƙin murya. Muna da tsofaffin malamai da ma'aikata da suka yi ritaya suna zaune a gida, a roƙe su kowanne ya ɗauki makaranta ɗaya yana leƙawa sau ɗaya a mako. Kyauta kuma kada ta tsaya ga yaron da ya yi na ɗaya, a haɗa da malamin ajinsa.

Roƙona na ƙarshe ya shafi wannan rumfa da muke ciki. A taron baɗi, idan Allah ya kai mu, a cire minti goma daga lokacin manyan baƙi a ba ɗalibai biyu, namiji da mace, su gabatar da rahoton halin da makarantunsu ke ciki, yawan ɗalibai da yawan kujeru da yawan malamai, da bakinsu, a gaban uban ƙasa da shugaban ƙaramar hukuma. Sa'ad da kuma tawaga za ta tafi babban birnin jiha a kan maganar ruwan nan, a tafi da su a mota, su zauna a baya su ga yadda ake yi.